Daga Sakkwato nake bin wasannin Jami'ar Houston: ra'ayina kan shafinsu na labarai

Shekara 26 na yi da usur a wuya ina koyar da wasanni a makarantun sakandare a Sakkwato. Duk tsawon lokacin nan, in ka cire ƙwallon ƙafa da ƙwallon hannu da gudu, sauran a wurina wasan 'yan birni ne. Muna da filin ƙwallon kwando a makarantarmu, amma ƙarfen kwando ɗaya ya lanƙwashe tun kafin a kawo ni, ɗayan kuma yara sun mayar da shi wurin lilo. To a watan Agustan 2024 babban ɗana ya tafi Amurka karatun digiri na biyu a Jami'ar Houston da ke jihar Texas. Duk wanda ɗansa ya yi nisa ya san yadda wayar take: ya karatu, ka ci abinci, a dage da sallah, ga mamanka. Minti biyu magana ta ƙare. Wata rana sai ya turo mini adireshin wani shafi ta WhatsApp, uhcougars.com, ya ce, "Baba, tunda wasanni ne aikinka, ka riƙa leƙa wannan. Na makarantarmu ne. Ko ba komai mu samu abin hira."

Kaka guda cur na yi ina bin shafin, daga Nuwamba zuwa Afrilu, galibi cikin dare a kan waya mai tsagaggen gilashi.

Sashen wasanni na jami'ar ne ke gudanar da shi, kuma karanta shi kyauta ne, ba rajista ba biyan kuɗi. Cougars laƙabin ƙungiyoyinsu ne, sunan wata dabba dangin damisa da ake samu a nahiyar Amurka, kayansu kuma ja da fari. Abin da na fara nema, kamar kowane ɗan Najeriya, ƙwallon ƙafa ta maza. Na duba sama na duba ƙasa, babu. Na ɗauka ban iya nema ba ne, na kira yaron, ya yi ta dariya. Ashe jami'a mai ɗalibai sama da 45,000 ba ta da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta maza da ke wakiltarta a gasa, ta mata kawai gare ta. Rukunin gasar jami'o'i na Big 12 da jami'ar ta shiga a 2023 ma ba ya shirya gasar maza a ƙwallon ƙafa kwata-kwata. Wasan da ke ɗaukar maza da yawa a can shi ne ƙwallon Amurka, na hular kwano da karo da kafaɗa, mai kama da zari-ruga, wanda suke yi a TDECU Stadium mai cin mutum 40,000. Akwai kuma dokar da aka kafa a 1972, ana ce mata Title IX, wadda ta hana makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya fifita maza kan mata, har a wasanni. Shi ya sa in ka ƙirga za ka tarar ƙungiyoyin mata sun fi na maza yawa: ƙwallon raga, iyo, tanis, ƙwallon ƙafa, duk nasu ne.

Abin da ya fara sa na ga girman shafin shi ne kowane wasa yana da ɗakinsa, kuma tsarin ɗakunan iri ɗaya ne. 'Yan tanis mata, waɗanda ba su tara jama'a kamar 'yan kwando, suna da jadawali, jerin 'yan wasa, rahoton kowace karawa da alƙaluma, daidai da na manya. Ka danna sunan yarinya, ga hotonta, garinsu, ajin da take, makarantar da ta fito. Ni da na san yadda ake mantawa da 'yan gudu da zarar an gama gasar gidaje, wannan ya taɓa ni. A ɗakin guje-guje ne ma na yi kiciɓis da sunan da ya sa na gyara zama: Carl Lewis, mai zinare 9 a Olympics, wanda muka riƙa kallo a talabijin muna samari, shi ne kocin 'yan gudun jami'ar, kuma tsohon ɗalibinta ne. Wanda ya riƙe kujerar kafin shi, Leroy Burrell, ya taɓa riƙe tarihin duniya a mita 100 da daƙiƙa 9.85 a 1994. 'Yan golf maza kuma sun ci kofin ƙasa sau 16, kodayake ni har yau ban gane daɗin bin ƙaramar ƙwallo cikin ciyawa ba.

Amma ƙwallon kwando ta maza ita ce ta kama ni, kuma a nan zan daɗe.

A shafin jadawali, kowane wasa yana da layinsa: rana, lokaci, abokin karawa, gida ko waje, da tashar da za ta nuna. A gefe akwai mahaɗai, na kallo, na saurare, da na alƙaluma kai tsaye. Na kallo ba namu ba ne. Haƙƙin nuna wasannin yana hannun gidajen talabijin da suka saya, wasu wasannin kuma a ESPN+ suke, wanda a cikin Amurka kawai yake aiki. Na taɓa gwada wani gidan kallo a unguwarmu, na ce ko za su nemo mini tashar. Yaron da ke karɓar kuɗi ya dube ni ya ce, "Malam, ƙarfe biyun dare za mu tada janareto don mutum ɗaya?" Gaskiya gare shi. Saboda haka na koma wa mahaɗi na uku, kuma a ƙarshe shi ne ya zama abin da na fi so a shafin baki ɗaya.

Ba hoto ba ne, rubutu ne ke saukowa layi-layi. Agogo na tafiya a sama, maki a gefe, a ƙasa kuma ana rubuta duk abin da ya faru: wane ya jefa ta nesa mai maki uku ta shiga, wane ya jefa ta ƙi, wane ya cafe ta bayan ta dawo daga kwando, wane ya yi keta, an fitar da wane an sa wane. Ba ya cin data, kuma ko sabis ya yi rauni yakan lallaɓa ya buɗe. Da farko ban fahimci komai ba, gajerun haruffan Turanci ne jere. Yaron ya zauna wata Lahadi ya fassara mini ɗaya bayan ɗaya, na rubuta a bayan littafin rajistar ajina. A nan na koyi cewa wasan maza na jami'a rabi biyu ne na minti 20, cewa ƙungiya tana da daƙiƙa 30 ta jefa ƙwallo ko a karɓe, cewa keta biyar ke fitar da ɗan wasa, kuma ba a tashi canjaras, sai a ƙara minti biyar-biyar har a samu gwani. Bayan wata guda na fara ganin wasan a cikin kaina kamar yadda muke ganin ƙwallo a rediyo muna yara. Har na gane salon kocinsu Kelvin Sampson ba tare da na kalli minti ɗaya ba. Mutumin yana riƙe da ƙungiyar tun 2014, ɗansa Kellen na cikin mataimakansa, kuma abin da ya gina a kai tsaro ne da kokawar ƙwallon da ta dawo daga kwando. Sau da yawa za ka ga layi uku a jere: Houston ta jefa ta ƙi, Houston ta cafe, Houston ta sake jefawa. Abokan karawa kuma makinsu ya maƙale minti huɗu, biyar, ba motsi. Mai koyar da ƙwallon hannu ya san wannan, wahalar da mutum ake yi har ya gaji ya ba da kai.

A ƙarshen Janairun 2025 Allah ya nufa na je ganin yaron, ƙanena ya biya mini kuɗin jirgi, na nemi izinin mako biyu a makaranta. Na sauka ana ta labarin dusar ƙanƙarar da ta zuba a Houston ranar 21 ga watan, abin da ba su saba gani ba. Ranar Asabar 1 ga Fabrairu akwai wasa da Texas Tech a gida, yaron ya ce dole mu je. Tikiti ya yi wuya, sai ya saya a wani shafin 'yan kayi-nayi masu sake sayarwa, da tsadar da ya ƙi faɗa mini. Tikitin a waya yake zuwa, kuma bai zo ba sai da muka tsaya a bakin ƙofa kusan minti ashirin yana ta shafa waya, jama'a na wuce mu. Shawarata ga mai zuwa, ya bi mahaɗin tikiti da ke shafin makarantar tun da wuri, ya huta da dillalai.

Zauren, Fertitta Center, ba shi da girma, mutum dubu bakwai da 'yan kai yake ɗauka. Tsohon zaure ne da aka sabunta aka sake buɗewa a 2018, aka sa masa sunan Tilman Fertitta, mai ƙungiyar ƙwararrun 'yan kwando ta Houston Rockets, wanda ya ba da dala miliyan 20. Ƙarancin nasa shi ne ƙarfinsa: kujerun sun matso kan fili, ko'ina ja, 'yan badujalar ɗalibai na busa a gefe guda, ƙarar kuma ba ta da wurin fita. Wani ɓangare ya yi ihu yana tambayar gidan wane ne nan, ɗayan ya amsa gidan Coogs ne, wato Cougars. Suna ɗaga hannun dama su lanƙwashe yatsan zobe, wai dagin dabbar ke nan. Wata tsohuwa Baturiya da ke kusa da ni, da ta ga na kasa, ta kama yatsana ta lanƙwashe mini da kanta. Na ɗaga kai sama, ga riguna a rataye, 44 ta Elvin Hayes, 22 ta Clyde Drexler, 34 ta Olajuwon.

Ko minti huɗu ba a yi ba aka kori babban ɗan wasan Texas Tech, JT Toppin, don ya yi tsalle zai ba da ƙwallo ƙafarsa ta sami Joseph Tugler na Houston a wurin da ba a faɗa. Kocinsu Grant McCasland ya hau alƙalan da faɗa, shi ma aka kore shi. Na ce wa yaron, "Shi ke nan, wasa ya ƙare." A lokacin Houston ta yi wasa 33 a jere ba a ci ta a zauren nan ba. Wallahi mutanen nan, ba koci ba tauraro, suka riƙe wuta har aka je ƙarin lokaci, suka ci 82 da 81. Zaure ya yi tsit kamar ruwa ya ci shirwa. Da na dawo gida na ba wani abokina malami labari, sai ya ce, "Malam, ai kai ka kai musu farar ƙafa." Na yi dariya a lokacin, amma daga ranar da na bar garin wasa 18 suka ci a jere, kuma wannan kashin shi kaɗai suka sha a wasanni 20 na rukuninsu. Har yau abokin nan bai bar ni na huta ba.

Washegari na buɗe shafin don in karanta rahoton wasan da na gani da idona, kuma a nan na gane iyakarsa. Rahoton makaranta ba zai yi maka ƙarya a maki ba, amma aikinsa ba hukunci ba ne. Zai faɗa maka wanda ya fi zura ƙwallo, da yadda maki ya riƙa juyawa, da ranar wasa na gaba. Ba zai ce alƙali ya zalunci wani ba, ba zai ce koci ya yi kuskuren canji ba, ba zai ce wane ya yi sanyi yau ba. Wannan ba halin Houston kaɗai ba ne, daga baya na leƙa na wasu jami'o'in, duk haka suke. Bakin gida ne, kuma ba a tsammanin ɗan gida ya fito ƙofa ya tona asirin tukunya. Haka maganar rauni, a taƙaice take zuwa. Haka maganar sauya sheƙa: sabon ɗan wasa in ya zo za a yi masa maraba da hoto da tarihinsa, wanda ya tafi kuwa sau da yawa sai ka buɗe jerin sabuwar kaka ka ga babu sunansa. Kuma yanzu sauya sheƙa ta zama ruwan dare, tun da aka ba ɗalibai damar samun kuɗi da sunansu da hotonsu a 2021, sannan a watan Yunin 2025 kotu ta amince da yarjejeniyar da ta ba makarantu damar raba wa 'yan wasansu kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Wanda ke son wannan ɓangaren na labari, da gardama da suka, sai ya haɗa da jaridar Houston Chronicle ko jaridar ɗaliban jami'ar, The Cougar.

Dabarar da na koya ita ce in bar rahoton in buɗe teburin alƙaluma da ke maƙale da shi. Shi ba ya kara. Ɗan wasa in ya jefa sha biyu uku suka shiga, haka za ka gani. In minti shida kawai aka ba shi, a rubuce yake. Duk sukar da rahoton ya yi kawaici a kanta tana nan zaune cikin lambobi, ga wanda ya iya karantawa.

Wannan tebur ne ya kai ni ga abin da ya fi komai tsaya mini a rai. Hakeem Olajuwon, wanda rigarsa ke rataye a can, a Legas aka haife shi a 1963, ya yi karatu a Muslim Teachers College, kuma kafin kwando mai tsaron gida ne a ƙwallon ƙafa, ɗan ƙwallon hannu kuma, wasana. A wata gasar makarantun horon malamai ta ƙasa da aka yi a nan Sakkwato, a ƙarshen shekarun 1970, aka aro shi daga 'yan ƙwallon hannu aka sa shi cikin 'yan kwando, yana ɗan shekara 15. A garinmu abin ya faro. Daga nan sai Houston a 1980, sai wasan ƙarshe na ƙasa a 1983 da North Carolina State ta ci su 54 da 52 a daƙiƙar ƙarshe, amma duk da haka shi aka zaɓa gwarzon gasar. A 1984 suka sake zuwa, Georgetown ta Patrick Ewing ta ci su 84 da 75. A shekarar Rockets ta ɗauke shi na farko cikin sababbin 'yan wasa, Michael Jordan na uku. A lokacin Akeem ake rubuta sunansa, sai a 1991 ya mayar da harafin farko. Duk wasan da ya yi wa jami'ar nan akwai lissafinsa: a kakarsa ta ƙarshe, ƙwallo 13.5 yake cafewa a matsakaicin kowane wasa, babu wanda ya kai shi a duk ƙasar. Bayan shekara arba'in, ina kwance a tabarma a Sakkwato, ina iya ganin wannan.

Na tambayi tsofaffin malaman wasanni biyu da na sani labarin waccan gasa ta Sakkwato. Kowa ya ba ni da baki, kowa da filin da ya ce an yi ta, babu mai takarda ko ɗaya. Ban ga laifinsu ba, don ni ma da na waiwaya, cikin shekara 26 yara nawa suka bi ta hannuna? Akwai wani yaro mai hagu da ya ci ƙwallo tara a wasa ɗaya, ko goma sha ɗaya ne, ka ga ni kaina ina kokwanto. Ko sunan babansa ban rubuta ba.

Watan Maris shi ne lokacin babbar gasar ƙasa, wanda aka ci sau ɗaya ya tafi gida. A 2025 ƙungiya 68 suka shiga, kuma ta faɗo cikin azumi. Wasan da ba zan manta ba shi ne na Purdue a Indianapolis. A can daren Juma'a ne 28 ga Maris, a nan kuwa bayan ukun dare aka fara, daren azumin ƙarshe. Na dawo daga tahajjud, uwargida ta ɗumama tuwo da miyar kuka, ga fura a kwano, na jingina wayar da jikin butar shayi. Houston ta ba da ratar goma, Purdue ta bi a hankali ta cike, 60 da 60. Saura daƙiƙa 2.8, ƙwallo a hannun Houston a ƙarƙashin kwandon Purdue. Sai sabis ɗin kamfanin layina ya zaɓi wannan lokacin ya tsaya, 'yar da'irar nan tana ta juyawa. Ina riƙe da lomar tuwo a hannu, ban kai baki ba ban ajiye ba. Uwargida ta ce, "Malam, ka ci abincinka, an kusa kiran assalatu, su waɗannan ba azumi za su yi ba." Kafin layin ya sauko, kiran yaron ya shigo, ban ji komai ba sai ihun ɗaki guda da "Baba! Baba! Uzan!" Daga baya na ga yadda aka yi a ɗan bidiyon da aka sa a YouTube: Milos Uzan ya jefo wa Tugler daga waje, wanda ke tsaron Uzan ya bar shi ya bi wani, Tugler ya mayar masa nan take, ya aza ta a kwando saura daƙiƙa 0.9. 62 da 60. Na sha furar a tsaye, ladan na gyara murya.

Ranar Sallah, Lahadi 30 ga Maris, suka lallasa Tennessee 69 da 50, maki 15 kacal suka bari aka ci su a rabin farko. Wannan bayan magariba aka yi shi a lokacinmu, na bi shi cikin 'yan barka da Sallah.

Na kusa da na ƙarshe da Duke, ranar 5 ga Afrilu a San Antonio, na yi abin kunya. Da ratar ta kai 14, saura kamar minti takwas, ga tauraron Duke Cooper Flagg yana abin da ya ga dama, na kife wayar na ce Allah ya kai mu baɗi. Barci ya ƙi zuwa. Na sake ɗagawa na tarar ratar shida ce, saura ƙasa da minti ɗaya. Sai layukan suka riƙa saukowa: Emanuel Sharp ta uku, Duke ta yar da ƙwallo, Tugler ya danna, J'Wan Roberts ya jefa biyu na hukuncin keta duk suka shiga, LJ Cryer ya ƙara biyu. Maki tara ba amsa, 70 da 67. Na karanta layukan nan sau uku kafin na yarda.

Wasan ƙarshe da Florida ya faro wajen ƙarfe biyu saura na daren Talata a nan. Sun kai ratar 12 a rabi na biyu, na fara tunanin abin da zan ce wa mai maganar farar ƙafa. Florida ta bi ta cike ta wuce. A hari biyu na ƙarshe Houston ba ta ko samu jefa ƙwallo ba. Na ƙarshen, Sharp ya tashi sama zai jefa ta uku, Walter Clayton Jr. na Florida ya taso masa, ya saki ƙwallon ƙasa, doka kuma ta hana shi sake taɓa ta, tana ta tsalle a gabansa har lokaci ya cika. 65 da 63. A shafin layi ɗaya ne kawai ya fito, an yar da ƙwallo, wasa ya ƙare. Karo na uku ke nan ta leƙo ta koma, 1983, 1984, 2025. Yaron bai kira ba, ni ma ban kira ba, sai da azahar. Ranar mun fi minti arba'in muna magana, har mamansa ta gaji da jira ta tashi.

Ga uban da ɗansa ke karatu a can, ko mai sha'awar wasan da ba shi da hanyar kallo, zan ce ya buɗe shafin, bai yi asarar datarsa ba. Ya dai kula da abu uku. Turanci ne zalla, kuma Turancin 'yan wasa, sai ka samu mai fassara maka gajerun haruffan sau ɗaya. Shafin farko yana da hotuna da bidiyo masu nauyi, gara ka ajiye adireshin jadawalin kai tsaye, haka manyan kundayen tarihi da bayanan kafin wasa, ka bari sai ka samu intanet mai ƙarfi. Sannan lokaci: daga Nuwamba zuwa farkon Maris awa bakwai ce tsakaninmu da Houston, ranar Lahadi ta biyu a Maris sukan tura agogonsu gaba, ta koma shida. Ni ban sani ba, na saita ƙararrawa da tsohon lissafi, na farka na tarar an tafi hutun rabin lokaci.

Da aka koma makaranta bayan hutun Sallah na sayi littafi mai shafi 80 guda biyu, na ja layuka da rula: suna, lamba, jifa nawa, nawa ta shiga, keta. Na damƙa wa wata yarinya 'yar aji biyar mai kyan rubutu wadda ba ta son gudu, na ce ke ce mai alƙaluma. Wasan farko da ta rubuta na ƙwallon hannu ne da wata makarantar maƙwabta, an ci mu 14 da 9, kuma littafin ya nuna yaron da nake ta yabo jifa goma sha ɗaya ya yi, biyu suka shiga. Lanƙwasasshen kwandon kuma na kira mai walda ya duba, ya ce dubu goma sha takwas, muna kan ciniki.